Ba Faɗuwar Ce Ke Cinye Bayanai Ba: Fashin Baƙi Kan Raunin Rumbun Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai gyaran kwamfuta a Computer Village ta Ikeja a Legas, ko da na rabin yini ne, ya san maganar da ba ta tsufa a bakin masu kawo gyara: "Wallahi, Injiniya, ba wata faɗuwa ta yi ba, daga kan kujera ce kawai." Kuma yawanci gaskiya suke faɗa. Gilashi bai tsage ba, murfi bai lotsa ba, fitila tana kamawa. Amma Windows ta ƙi tashi, ko ta tashi tana jan ƙafa, can ciki kuma wani abu yana ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake.

A cikin ɗan ƙarfen da ke wannan ƙara akwai lissafin bashin dillalin albasa na Mile 12, ko takardun wakilin fiton kaya na Apapa, ko hotunan bikin da aka yi a Agege ba a kai ga miƙa wa masu su ba, ko kundin ɗalibin Akoka da ya rage masa babi ɗaya. Masu gyara suna kiransa had-dis, mu kuma a nan za mu ce rumbu. Tambaya biyu ce a gabanmu. Me ya sa ba ya jure abin da wayar hannu ke jurewa kullum? Sannan me ya sa bayanan ke salwanta? Amsar ta biyu, a ganina, ba ta cika zama faɗuwar ba. Abin da ake yi wa rumbun a awa ɗaya ko biyu bayan ya faɗi shi ke ƙarasa shi.

Kusan komai a cikin kwamfuta a zaune yake daram, wuta ce kawai ke kai-kawo a cikinsa. In aka cire fanka da na'urar DVD, rumbu ne kaɗai inji mai motsi. A cikinsa akwai faifai ɗaya ko fiye, na alminiyam ko na gilashi, an shafe fuskarsa da wani siririn sinadari mai karɓar maganaɗisu, a nan ne bayanai ke kwance. Faifan yana juyawa sau 5,400 a minti a yawancin laftof, sau 7,200 a yawancin kwamfutocin tebur, wato sau 90 ko 120 a daƙiƙa guda. Bakin faifan babban rumbu na kwamfutar tebur yana gudun fiye da kilomita 120 a awa.

Dattawan da suka san garmaho za su gane fasalin nan take: faifai yana juyawa, ga hannu ɗauke da allura yana bin layi. Sai dai allurar garmaho aikinta ke nan ta taɓa faifai, ta rumbu kuwa duk ranar da ta taɓa shi yana gudu, ɓarna ta auku. Iskar da faifan ke tayarwa ita ke ɗage allurar, tana karatu da rubutu tana shawagi a tsayin da bai kai nanomita 10 ba (nanomita kashi ɗaya ne bisa miliyan na milimita). Kaurin silin gashin mutum yana kusan nanomita 70,000. Ƙwayar ƙura, da ɓurɓushin hayaƙin taba, har maiƙon da yatsa ke bari in ya taɓa gilashi, duk sun fi wannan tazara girma nesa ba kusa ba.

Ba don ganin dama aka matso da allurar haka ba. Gwargwadon kusancinta da faifai, gwargwadon ƙanƙantar wurin da kowane ɗigon bayani ke ci. Rumbun farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956 yana da faifai 50, kowanne faɗinsa inci 24, amma abin da yake ɗauka haruffa ne kusan miliyan 5, abin da hoto ɗaya ko biyu na wayar yau zai cika. A 1980 Seagate ta fitar da mai megabait 5 wanda ke shiga kwamfutar tebur. Yau mai terabait 1 ko 2 yana shiga aljihun kaftani. Wannan yalwar da rage tazara aka saye ta, raunin kuma shi ne kuɗin da aka biya.

To me ke faruwa in ya faɗi? Ya danganta da ko yana aiki ko a kashe yake, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. In a kashe yake, allurar ta koma gefe ta hau wani ɗan matokari na roba da ke wajen faifan. Masu ƙera rumbu suna rubuta iyakar bugun da zai jure da ma'aunin G, wato ninkin ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi. Rumbun laftof a kashe yakan jure kusan G 1,000, yana aiki kuwa 300 zuwa 400. Babban rumbu na kwamfutar tebur ya fi rauni: kusan 300 a kashe, 60 zuwa 80 kacal yana aiki. Mutum zai ga adadin ya ce ai da yawa. Amma abin da ya faɗo daga tebur ya daki tayil, cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa yake tsayawa cak, wannan kuwa ɗaruruwan G ne. In kan katifa ko darduma mai kauri ya faɗa, tsayawar takan ɗauki lokaci, bugun ya ragu sosai. Shi ya sa laftof ɗin wani ke faɗowa daga gado ta tashi lafiya, ta wani ta zame daga benci a shago mai daɓen siminti ta mutu. Gidaje da shagunan Legas kuwa yanzu tayil ne ko'ina.

Idan bugun ya zo yana aiki, allurar takan mari faifan. Wani lokaci ta lanƙwashe ta daina karatu, hannun ya yi ta kai-kawo yana neman layin farko bai samu ba, shi ne ƙas-ƙas ɗin da ake ji. Wani lokaci ta manne a fuskar faifan ta hana shi juyawa, sai a ji ɗan kuka siriri maimakon ƙarar juyawa. Mafi muni shi ne ta kankare sinadarin. Abin da aka kankare ya zama gari a cikin rumbun, garin nan kuma yana shiga ƙarƙashin allurar a zagaye na gaba ya jawo wata kankarar. Sau 90 a daƙiƙa. Wurin da aka kankare babu ƙwararren da zai dawo da shi a duniya, domin abin da bayanan ke kai ne ya tashi.

Kamfanoni sun san da haka. IBM ta sa wa laftof ɗinta na ThinkPad na'urar jin faɗuwa a 2003, Apple ta bi sahu a 2005: da zarar kwamfuta ta ji ta kuɓuce, sai ta janye allurar kafin ta isa ƙasa. Dabara ce mai kyau, amma tana buƙatar ɗan lokaci, ba ta kuma maganin dukan tebur ko karo da ƙofar mota. Rumbun waje, wanda ake haɗawa da igiyar USB, yawancinsa ba shi da wannan kariya, ga shi kuma shi ne kullum yake lilo a bakin tebur, yaro ya gitta ya ja igiyar da ƙafa.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi faɗuwa yawa a garin nan, ba a kuma lissafa ta. Mutum ya rufe murfin laftof, nan take ya cusa ta jaka ya ruga neman mota. Kwamfuta tana buƙatar 'yan daƙiƙu kafin ta gama rubuta abin da ke hannunta ta tsayar da faifai. Wani lokaci ma ba ta yi barcin ba, ko ta farka a cikin jakar tana sabunta Windows. Sai ga ta a cinyar mai ita a bayan danfo daga Oshodi zuwa Agege, kowane rami tana shan bugu faifai yana juyawa, ga zafi ba iska. Rumbun ba zai mutu ran nan ba. Zai riƙa tara ƙananan raunuka ne, ranar da ya tsaya mai shi ya rantse bai taɓa yar da shi ba.

Ko girgiza kaɗai tana damunsa. A 2008 wani injiniyan kamfanin Sun Microsystems, Brendan Gregg, ya kwarara ihu a gaban jerin rumbuna a ɗakin ajiyar bayanai, na'ura ta nuna yadda aikinsu ya yi sanyi a daidai lokacin ihun. A 2016 bankin ING a Bukares ta ƙasar Romaniya ya gwada na'urar kashe gobara mai fesa iskar gas, ƙarar fitar iskar ta lalata rumbuna da dama, harkokin bankin suka tsaya na awoyi. Ba ina cewa janaretan maƙwabci zai kashe maka kwamfuta ba, girgiza irin wannan yawanci rage gudu take yi. Amma mai kiɗan biki da ke ɗora laftof a kan sifika, da mai shagon da kantarsa ta katako ke rawa tare da janareta, suna wahalar da rumbunsu ba su sani ba.

Sai maganar wuta, wadda a Legas ba a raba ta da kowace hira. In an ɗauke wuta farat ɗaya, rumbu yana da dabarar ceton kansa: yana amfani da ragowar juyawar faifan ya samar da 'yar wutar da za ta fizge allurar zuwa matokarinta. Fizga ce ta gaggawa, ta fi ta yau da kullum cin jiki, rumbun ma yana ƙirga sau nawa aka sa shi yin ta. Amma babbar ɓarnar ɗauke wuta ba a ƙarfen take ba, a rubutun take. In wuta ta tafi ana tsakiyar gyara jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake, sai a wayi gari Windows tana cewa a yi wa rumbun fomat, wato a share shi a fara sabo. Bayanan suna nan, taswirarsu ce ta yage. Wannan ciwo ne mai sauƙin magani, muddin ba a danna "eh" ba.

Sitabilaiza ba ta maganin wannan, daidaita wuta take yi, ba ta riƙe ta. UPS ko inbata ne ke cike giɓin da ke tsakanin tafiyar NEPA da tashin janareta. Laftof batirinta ne UPS ɗinta, sai dai da yawa cikin tokunbo, wato laftof na hannu da aka shigo da su daga waje, da ke hannun mutane batirin ya daɗe da mutuwa, "sai a jikin caja" take aiki, wato ita ma ta zama kwamfutar tebur marar kariya.

Wani kuskuren da ke kai rumbuna da yawa wurin gyara shi ne na caja. Babban rumbun waje yana cin wuta mai ƙarfin bolt 12, cajar laftof da yawa kuma 19 take bayarwa, ga shi bakinsu yakan zo ɗaya. A ƙarƙashin tebur mai igiyoyi biyar, hannu ya ɗauko wadda ta fi kusa, sai ƙauri. Abin mamaki, wannan na cikin haɗurra masu daɗin ƙarshe. A kan allon lantarkin da ke jikin rumbun akwai wani ɗan ƙaramin mai gadi da aka sa don ya ƙone a madadin sauran, kuma sau da yawa shi kaɗai ne ke tafiya. Faifai da allura lafiyarsu lau. Inda ake ɓata lamarin shi ne a sayo allon wani rumbu mai kama da shi a ɗaura. A da can yana yi. Rumbunan yanzu kowanne yana da bayanan saitinsa na kansa da aka rubuta a masana'anta a cikin wani ɗan guntun ƙwaƙwalwa da ke kan allon, sai an ciro shi daga tsohon allo an mayar kan sabon. Mai gyaran da ya iya riƙe bulowa da dalma zai yi wannan a layin Otigba ba tare da an buɗe cikin rumbun ba. Wanda ya jefar da ƙonannen allon a shara kuwa ya jefar da mabuɗin.

Masu son buɗe kwamfuta da kansu don ƙara memori ko share fanka su ma suna da nasu rabon. Wutar da ke taruwa a jikin mutum, wadda ke ɗan tsikarinsa in ya taɓa ƙofar mota lokacin hunturu, sai ta kai wajen bolt 3,000 kafin a ji ta, alhali ƙasa da 100 na iya raunata wasu sassa. Danshin Legas yana rage wannan, amma ɗaki mai esi da iskar Disamba da Janairu suna dawo da shi, wanda ya tafi gida Kano ko Sakkwato da laftof ɗinsa a wannan lokaci kuwa sai ya ƙara kula. A cire caja da batir, a taɓa ƙarfe kafin a taɓa allo, a riƙe rumbu ta gefensa. Sauran ɓarnar ta sukundireba ce: dogon noti a ramin gajere, igiya siririya da aka fizge, baki da aka tura a karkace.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Rumbu ya faɗi yana ƙara. Me mai shi ke yi? Ya kashe ya kunna. Bai tashi ba, ya sake, ya sake, har sau goma, kowane kunnawa kuma allurar da ta lanƙwashe tana ƙara zagaye a kan faifan. Sai ya girgiza shi a kunne ya ji. Aboki ya ce a ɗan bubbuga shi da bayan sukundireba. Wani ya ce ya gani a intanet ana sa shi a firiza. Wannan dabara ta tsofaffin rumbuna ce, a can ma sa'a ce. A iskar Legas, da zarar an fito da ƙarfe mai sanyi raɓa take kwanta masa ciki da waje, a kuma kunna shi da ruwa a kan faifai.

Daga nan sai shago. A nan dole a bambanta sana'o'i biyu da mutane ke haɗawa. Mai gyaran kwamfuta burinsa na'ura ta tashi ka biya ka tafi, kuma hanyarsa mafi sauri ita ce fomat da sabon Windows. Mai ceto bayanai bai damu da rumbun ya sake aiki ba, so yake ya rayu na awoyin da za a kwashe abin da ke ciki, daga nan a jefar. In ka shiga wurin na farko ka ce "ta ƙi tashi" ba ka ƙara komai ba, zai yi maka aikinsa tsakani da Allah, ya miƙo maka kwamfuta mai tashi fes, babu ko fayil ɗaya. Ba zalunci ya yi ba, abin da ka tambaya ya ba ka. Wani kuma zai saki manhajar duba kurakurai ta Windows a kan rumbun da ke ciwo, ita kuwa ta yi ta tilasta wa allura karanta wurin da ya lalace tana kuma sake rubuta jadawali. Wani zai sauke manhajar dawo da fayil a kan rumbun da ake son ceto, ta kwanta a kan abin da ake nema. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Akwai kuma ɓoye gaskiya, wanda na ɗauka ya fi duk waɗannan illa. Yaron shago ya yar da laftof ɗin maigida, tsoro ya hana shi faɗa. "Alhaji, wallahi ni ma haka na same ta." Alhaji ya kai wa mai gyara ya ce haka kawai ta mutu. Mai gyara ya ɗauka matsalar manhaja ce, ya yi ta kunnawa yana gwaje-gwaje har la'asar. Da an ce masa ta faɗi tana kunne, mai hankali ba zai ba ta wuta ko sau ɗaya ba. Maigidan da yaransa ke tsoron gaya masa ɓarna, shi ke biyan kuɗin tsoron nan da bayanansa.

Mafi girman kuskure shi ne kwance murfin rumbun "a ga abin da ke ciki". Masu wannan aiki na gaskiya suna buɗewa ne a ɗaki ko akwati mai tace iska, inda ƙa'ida ta ce kada ƙwayoyin ƙura masu girman rabin maikiron (nanomita 500) su wuce 100 a cikin iskar da za ta cika akwati mai ƙafa ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi. Iskar ɗaki na yau da kullum tana ɗauke da dubban ɗaruruwa, balle ta shagon da ke fuskantar titin Awolowo da hayaƙin janareta. Sannan sauya allura yana buƙatar wani rumbu lafiyayye irinsa sak da za a yanka a ciri tasa, da kayan aikin da ke hana allurai haɗuwa da juna. Shi ya sa kuɗin aikin ke ninka kuɗin sabon rumbu sau da yawa. Wanda ya ce zai buɗe maka a kan kanta a farashin caja, garin neman gira za ka rasa ido.

Abin da ya dace ba shi da wuya. In rumbu ya faɗi yana ƙarar da ba ka saba ji ba, a kashe, kada a sake ba shi wuta. In shiru yake kuma kwamfuta tana ganinsa, aikin farko shi ne a ɗauki kwafinsa gaba ɗaya zuwa wani rumbu lafiyayye. Akwai manhaja kyauta mai suna ddrescue da aka yi don haka: tana kwashe wurare masu lafiya da farko, ta tsallake masu ciwo, sai a ƙarshe ta dawo ta lallaɓa su. Duk wani gwaji a kan kwafin ake yinsa. Don haka kafin ka miƙa rumbunka ga kowa, musamman wanda ɗan tare-hanya ya ja ka wurinsa daga ƙarƙashin gadar Ikeja, yi masa tambaya biyu: zai ɗauki kwafi kafin komai? In buɗewa ta kama, a ina zai buɗe? Yadda ya amsa ya ishe ka. Ka tuna kuma duk abin da ke ciki zai gani, hotunan iyali da takardun banki, saboda haka amana tana cikin abin da kake saye.

Ruwan Yuni da Yuli yana da nasa hukuncin. Yawancin rumbuna ba a toshe suke ruf ba, suna da ɗan rami mai matata don daidaita iska, ruwan ambaliya kuma yana shiga ta nan da laka da gishirinsa. Shanya shi a rana ko binne shi a shinkafa yana busar da dattin ne a kan faifai. Masu ceto sun fi son a ƙulle shi a leda yadda yake a kawo da wuri, ba tare da an gwada kunnawa ba.

Wani abin da ke sa rumbunan garin nan saurin mutuwa shi ne da yawansu sun tsufa kafin su sauka Apapa. Laftof ɗin da ake kira "London used" ta yi shekaru a wani ofis, an jibge ta a kwantena, ta sha teku. Jiki yana sheƙi, rumbu ya gaji. Kowane rumbu yana riƙe da littafin lafiyarsa da ake kira SMART, kuma manhaja kyauta irin CrystalDiskInfo tana buɗe shi cikin minti ɗaya: awoyi nawa ya yi yana aiki, wurare nawa suka lalace aka sauya su da na ajiya, nawa ke jiran hukunci. In waɗannan biyun na ƙarshe ba sifili ba ne, a sauya rumbun kafin a biya. Sai dai kada a ɗauki littafin nan wahayi. Binciken da injiniyoyin Google suka wallafa a 2007 a kan rumbuna fiye da 100,000 ya nuna wanda ya fara nuna kuskuren dubawa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39, amma kuma fiye da kashi ɗaya bisa uku na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ba. Ga shi kuma akwai masu goge ƙirgen su mayar da tsoho jariri.

Shi ya sa kwafi na biyu ba ya da madadi. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Wannan na ƙarshen ne mutanenmu ke tsallakewa. Rumbun waje da ke kwana a jaka ɗaya da laftof, in an fizge jakar a go-sulo ko gobara ta tashi a kasuwa, tare za su tafi. Takardu da lissafin ɗan kasuwa na shekaru ba su cika kai gigabait ɗaya ba, Google kuwa yana ba da 15 kyauta. Masu bidiyon biki ne ke da aiki, su sai rumbu biyu, ɗaya ba ya barin gida.

Da yawa za su ce ai an wuce wannan zamani, yanzu SSD ake yayi, wato rumbun da ke ajiye bayanai a ƙwaƙwalwar lantarki. Gaskiya ne, kuma duk mai yawo da laftof a motocin Legas ina ba shi shawarar ya sauya. Babu faifai, babu allura, faɗuwa da girgiza ba su dame shi ba, ga sauri. Amma mutuwarsa ta fuju'a ce. Ba ƙara, ba jan ƙafa, jiya yana aiki yau kwamfuta ba ta ganinsa. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure a tsohon rumbu yakan zauna har sai an rubuta wani a kansa, a SSD kuwa akwai umarnin da ake kira TRIM wanda ke sa a share wurin ba da jimawa ba. Ba a kuma ajiye shi shekaru a durowa ba wuta a sa ran komai zai zauna. Kasuwa tana da jabunsa, mai rubutun terabait a jiki da ɗan ƙaramin memori a ciki. A wasu sababbin laftof, irin na Apple, a jikin babban allo aka like shi, in allon ya ƙone ba abin da za a zare a kai wata kwamfuta.

Sababbin kwamfutoci masu Windows 11 kuma da yawa suna kulle abin da ke cikin rumbun da BitLocker tun ranar da aka saita su, mai su bai sani ba. In allo ya lalace aka ciro rumbun lafiya lau, ba mai karanta shi sai da mabuɗi mai lambobi 48, wanda ke ajiye a asusun Microsoft da aka shiga da shi ranar farko. A Ikeja sau da yawa yaron shagon ne ke yi wa mai saye wannan saiti don a gama da wuri. Kafin ka bar shagon, tambaye shi imel ɗin wa ya sa. In ba naka ba ne, a zauna a sauya, ka shiga asusun da wayarka ka ga lambobin da idonka, ka kwafe su a takarda.